Gonar Mala da Ruwa Ya Kawo Mana

A gidanmu ba a son tayar da zancen Mala, domin duk wanda ya ɗauko shi sai ya biyo ta kan fadamarmu, in kuwa ya biyo ta nan sai manya su fara gyaran murya. Ni dai kakata Barira ce ta ba ni labarin, ita kuma ta ji daga bakin kakanta Sabo, wanda aka yi komai a kan idonsa. Sabo Bafulatani ne da ya ajiye sanda ya kama fartanya. Mala kuwa Babarbare ne, saboda haka akwai wasa tsakaninsu, kuma ni ma in kun ji na ɗan taɓa shi, gado na yi.

Uban Mala, wani mutum da ake kira Gana, daga Barno ya zo cikin ayarin masu kanwa. Kurkunu ya kama shi a ƙafa a wani ƙauye kudu da Ɗanbatta, ayari ya wuce ya bar shi. Da ya warke bai bi su ba. Ya roƙi maigari wurin noma, aka nuna masa wani gangare mai jar ƙasa wanda ko akuya ba ta tsayawa a kansa. Ta sama burtali ne, hanyar shanu, ta ƙasa kuma fadama ce, wadda daga baya ta zama ta Sabo.

Shekara arba'in Gana ya yi yana ciyar da wannan gangare. Toka, shara, kashin awaki, ruɓaɓɓen kara, duk abin da ya samu sai ya ɗora wa jaki a mangala ya kai. Da rani yakan roƙi makiyaya su kwantar da shanunsu a ciki, ya ba su ƙaiƙayi da ruwan rijiya. A hankali jar ƙasa ta koma baƙa, har sai ka haƙa kamu guda kafin ka ga ja. Ya kuma dasa gamba layi uku a gicciye, ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya kusa da gindi, kunyoyinsa ma a gicciye yake yin su. Laifinsa ɗaya, shi ba mai magana ba ne. Bai taɓa zaunar da 'ya'yansa ya faɗa musu amfanin gambar nan ba, su kuma suka tashi suna ɗauka don zana aka shuka ta.

Gana ya rasu kamar shekara arba'in kafin zuwan Nasara, ya bar maza biyu, Mala da ƙanensa Madu. Limamin ƙauyen, Malam Abdussalam, ya zo da igiya ya raba musu gona. Da yake gindin gangaren ya fi samansa kyau, sai ya tsaga ta a tsaye, daga burtali zuwa bakin fadama, don kowa ya samu mai kyau ya samu mai dama-dama. Babu wanda zai ce bai yi adalci ba. Aka kafa 'yan duwatsu a tsakiya, aka shafa fatiha, kowa ya watse.

Mala ba mugu ba ne. Idan ya ga tsohuwa da kaya a ka, shi ne zai fara karɓa. Amma yana da zuciya irin wadda in ta ɗebe shi ba ya ji ba ya gani, kuma in ya faɗi magana, ko shi ya gane kuskure ne, sai ya tsaya a kanta har rana ta faɗi. A kakar farko bayan rabo, Madu ya je yankan gamba ya zarce tsakiya da gindi uku ko huɗu. Ya ce bai lura ba ne, dutsen ya nutse a ciyawa. Ya ma ce a zo a ɗauki gambar da ya yanka. Mala ya ce shi ba gamba ce ta dame shi ba, raini ne, wanda ya ci taki ɗaya bana baɗi kunya guda zai ci.

Sai ya ɗauki dagi da garma, ya fara daga bakin burtali, ya haƙa rami miƙe ɗoɗar har gindin gona. Zurfinsa bai wuce ƙauri ba, faɗinsa taki ɗaya. Inda ya iske layin gamba ya tumɓuke ta ya wuce, sau uku. Kwana tara ya yi yana wannan aiki a tsakiyar rani, ƙasa ta yi tauri, hannunsa duk ya yi kanta. Sabo ya hango shi daga fadama ya hauro, ya tambaye shi ko hanya yake share wa Shehun Barno. Da suka gama dariya ya ce masa da gaske, mutanen ƙasar nan da gamba suke yin iyaka ko da lalle, bai taɓa ganin an yi da rami a kan gangare ba. Mala ya ce to yau ya gani, kuma wannan iyaka ko makaho ya zo sai ya san ta. Sabo bai ƙara ba, ya koma wajen albasarsa. Wannan shiru da ya yi na daɗe ina jin haushinsa.

Ruwa malalaci ne, inda ba a tare shi ba nan yake bi. Da can in an yi ruwa, abin da ya taru a burtali yakan malalo cikin gona, ya ci karo da gamba ya bazu, ya kwanta a tsakanin kunyoyi ƙasa ta shanye. Da damina ta faɗi a shekarar, sai ya iske an share masa hanya. Duk ruwan burtali ya haɗu wuri guda ya gangara a guje, jawur a farko, daga baya baƙi ƙirin. Bayan ruwa na uku ramin ya kai gwiwa. Mala ya leƙa ya ce madalla, yanzu iyaka ta ƙara fitowa.

A shekara ta uku ya kai ƙugu, ta biyar in mutum ya shiga ba a hangen hularsa. Yadda yake ci kuwa, Barira ta ce kakanta yakan kwatanta da hannu. Ruwa yana zubowa daga leɓen rami ya faɗa ƙasa, ya riƙa juyawa yana ƙwaƙule gindin bango. Sama tana nan lafiya lau, da gero tsaye a kai, amma ƙarƙashi ya zama kogo. Sai bayan an ɗauke ruwa, rana ta fito, ka ji rim, gefe ya rufta da kunya biyu ko uku. Ruwan gaba ya zo ya narkar da abin da ya faɗi ya tafi da shi. Daga nan kwarin ya fara 'ya'ya. Duk inda aka yi ɗan kwarin kunya mai kallon ramin, sai ya zama ƙaramin rami, shi ma ya riƙa cin baya yana shiga cikin gona kamar yatsun hannu.

Abin da ruwan ya ɗauka bai zubar wuri ɗaya ba, tankaɗe ya yi. Tsakuwa mai nauyi ya ajiye a bakin kwari, daidai inda gangare ya ƙare. Yashi ya ɗan ƙara gaba da shi, ya watsa a gindin gonar Madu, wurin da ya fi ko'ina albarka, har ya binne dawa tana tsaye. Baƙar ƙasa kuwa mai laushi, wadda Gana ya yi shekara arba'in yana haɗawa, ita ce ta fi nisa. Ta bi ruwa har fadamar Sabo, inda ruwan yake kwanciya kwana da kwanaki, ta lafa a can sannu a hankali. Kowace damina sai an ƙara masa kamar kaurin tafin hannu. Albasarsa ta fara yin kai kamar ƙoƙo, ya sa alkama ta yi, ya sa rake ya yi. Mutane suka ce Sabo ya iya noma, shi kuwa bai musa ba.

Madu ne ya fara gajiya. A shekara ta bakwai ya ɗaure kayansa zai koma Bacirawa wajen surukansa, ya kama fataucin jakai. Ya zo sallama ya iske wansa a bakin kwari yana jera ƙaya. Ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ya saba, sannan ya ce, "Yaya, ga iyakarka nan. Na bar maka ita har da gefen da ke nawa."

Mala bai ɗago ba. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ci gaba da abin da yake yi. Ba su sake zama tabarma ɗaya ba har Madu ya rasu.

Kada a ce Mala bai yi ƙoƙari ba. Ya sare ƙayar sarƙaƙƙiya ya cusa a cikin kwarin, ruwa ya ɗauke ta ya kai wa Sabo. Ya kafa turaku ya saƙa kara a tsakani, ruwa ya bi ta gefe ya ci bango, kwarin ya ƙara faɗi a wurin. Ya kwaso duwatsu daga nesa ya yi tari a tsakiya, ruwa ya haye su ya faɗo ta baya ya haƙa sabon rami a gindinsu, har suka zube ciki. Ya karɓo laya wajen wani malami ya binne a bakin burtali, ita ma ta tafi tare da ƙasar da ke riƙe da ita. Daga baya ya gane zancen gamba, ya sake dasawa, amma a lokacin ruwan yana gudu kamu shida a ƙarƙashin saiwarta. Matarsa Fanna ta sha ce masa su bi Madu, ko su roƙi maigari wani wuri. Wani wurin kuwa babu, domin ƙasar nan ko a wancan zamani gona na jikin gona, in ka jefa dutse a gonar wani zai faɗa. Ko da akwai ma, Mala ba zai je ba. Yakan ce nan ubansa ya tsufa, shi ba zai zama ɗan da ya bar gonar Gana ba.

Sai wata shekara da rani ya ɓullo da abin da ya sa aka fara cewa ya taɓu. Ya ɗora wa jakinsa mangala, ya gangara fadamar Sabo, ya sa garma ya cika ta da baƙar ƙasa, ya hauro ya juye a saman gonarsa. Ya koma. Tun daga hantsi har la'asar, kullum, shi da jaki. Da farko Sabo dariya ya yi, ya ce a bar Babarbare, ya ga kanwa ta ƙare ya koma fataucin ƙasa. Damina ta zo ta wanke abin da ya kai ta mayar fadama. Da rani ya sake ɗaura mangala.

A rani na uku dariya ta ƙare, domin Mala ya yi wa gefen fadamar rami har ya fara taɓa fangalin albasa. Sabo ya hana shi. Mala ya ce ba za a hana shi kayansa ba. Magana ta kai gaban maigari, aka kira Malam Abdussalam, wanda a lokacin ya tsufa sai an riƙe masa hannu. Rabin ƙauye ya taru a ƙofar gida. Mala ya zo da ƙasa a ƙoƙo biyu, ɗaya daga ɗan abin da ya rage a gonarsa, ɗaya daga fadama, ya ajiye a gaban liman ya ce a duba a faɗa masa bambancinsu.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, da jakina ne ya tsinke ya shiga gonar Sabo, nawa ne ko nasa? Wannan ƙasa ubana ya yi ta da hannunsa. Kowa a nan ya san fadamar nan farar laka ce a da."

Ba wanda ya ƙaryata shi. Liman ya daɗe yana murza ƙasar a yatsunsa. Sannan ya ce, "Mala, jaki kana iya nuna shi ka ce ga shi. Wannan ta gauraya, kuma Sabo bai je ya ɗauko ba, bai aiki kowa ba. Abin da ruwa ya kai ya ajiye, na wurin da ya ajiye ne. Ban ga hanyar da zan ba ka ba."

An ce Mala ya ɗauki ƙoƙunansa biyu, ya juye wuri ɗaya, ya tashi ya tafi da su gida. Hukuncin daidai ne, na tambayi malamai da yawa sun ce haka yake. Amma ni har yau raina bai kwanta da shi ba.

Sabo ba shi da taurin zuciya, kunya ce ta yi masa yawa. Bayan kwana biyu ya je har gida ya ce wa Mala ga wani yanki a fadama, ya ba shi aro, ya noma iya ransa, ba ya son ko zangarniya ɗaya. Mala ya dube shi ya ce shi ba ya aron abinsa. Kowace shekara in bazara ta kusa Sabo sai ya sake aika masa, kowace shekara amsar ɗaya ce. Haka suka yi shekara goma sha ɗaya.

A cikin shekarun nan gonar ta riƙa ƙanƙancewa. Wadda a zamanin Gana take cika rumbu uku ta koma ba ta cika ɗaya, daga baya ta koma 'yan dammuna da ake jinginewa a ɗaki. Abin da kwarin bai ci ba, ruwan sama ya ɗauraye shi har jar ƙasa ta fito, ƙarƙashinta kuma marmara, wadda in ka sara fartanya ke tsalle. Jakin ya mutu ba a sayi wani ba. 'Ya'yansu duk sun rasu suna ƙanana in ban da mace ɗaya, Falmata, da ke aure a Ungogo, ita ce take aiko musu da ɗan hatsi in ta samu wanda zai kawo. Fanna ta riƙa kaɗi tana sayar da zare, da shi ake sayen gishiri da daddawa. Ba ta sake yi masa zancen tashi ba. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ita kwana shida, ta cika. Mutanen da suka je wankan gawa sun ce a gidan babu abin da za a dafa wa masu zaman makoki, daga gidan Sabo aka kai tuwo.

Shekarar da ta biyo baya aka yi wani ruwa a tsakiyar damina, tun daga azahar har la'asar sakaliya. Da aka ɗauke, yatsun kwarin guda biyu da suka daɗe suna matsowa juna suka haɗe, suka yanke ɗan tsibirin da ya rage wa Mala, da geronsa ya fara ɗaukar ciki. Yana tsaye a burtali yana kallo, babu ta inda zai tsallaka. Kwana uku tsibirin yana zubewa gefe-gefe. A rana ta huɗu sai 'yan kunyoyi da ba su kai goma ba suka rage a saman wani tsiri.

Haka ya zauna har rani ya wuce. Ran da aka yi ruwan shuka, mutanen gidanmu suna fita suka gan shi a bakin fadama, tsugune, da sungumi da ɗan ƙoƙon iri. Sabo, wanda shi ma a lokacin da sanda yake tafiya, ya ƙarasa wajensa. Wasan da suka saba bai zo bakin kowa ba. Mala ya tambaya ko maganar nan tana nan. Sabo ya ce tana nan, ya nuna masa daga gindin wata giginya zuwa bakin ruwa. Ya so ya turo masa 'ya'yansa su taya shi, Mala ya ce a'a, shi kaɗai zai yi.

Dawa ya shuka. Ya yi noman fari, ya yi maimai, yana yi yana hutawa, domin bayansa ya riga ya ranƙwafa. Dawar kuwa ta yi abin da ba a taɓa gani ba, kara kamar gora, zangarniya har tana karya wuya. Ran da ya girbe, masu wucewa suka tsaya suna yi masa barka, wani ya ce ashe tsoho da sauransa, wani ya ce ƙasar Sabo akwai albarka. Mala yana zaune a kan dami, ya sa hannu ya damƙo ƙasa ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Ai na san ta. Ba ta taɓa yi mini rowa ba. Ni na buɗe mata ƙofa."

Bai ci ko rabin dawar ba. Ya rasu kafin wata damina, Falmata ta zo ta kwashe abin da ya rage a rumbu ta rufe gidan. Gonar gangare ba wanda ya nemi gadonta, domin babu abin da igiya za ta auna. Yankin fadama kuwa, da yake aro ne, ya dawo hannun Sabo, daga shi zuwa 'ya'yansa, har ya iso kaina. Bara na sa tumatir a wurin, ko buhu ɗaya na taki ban zuba ba.